Jini a Bahaya Bayan Shekara 14 Kan Maganin Sida: Lamarin Wata Uwa a Garwa

Matar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 53 lokacin da aka gano tana da ciwon daji na babban hanji. Bahaushiya ce haifaffiyar Garwa, mijinta ya rasu tun 'ya'yanta suna ƙanana, da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta raine su. Ta yarda a rubuta abin da ya same ta bisa sharaɗin kada a ambaci suna ko unguwa, don haka zan kira ta Inna, yadda muke kiranta a ɗakin karɓar magani. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen kula da masu ɗauke da ƙwayar HIV, wanda a nan Kamaru ake ce wa UPEC.

Inna ta fara shan magani a 2009, shekara biyu bayan gwamnati ta mayar da maganin sida, wato ƙanjamau, kyauta a 2007. Da haɗin da ke da zidovudine ta fara, daga baya aka mayar da ita kan tenofovir, sannan kan ƙwaya ɗaya a rana mai ɗauke da dolutegravir, wadda ake kira TLD, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a gaba a 2019. Ba ta tsallake magani. Gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, sharj biral a bakin 'yan asibiti, ya daɗe yana fitowa babu abin da na'ura ke gani. Duk wata uku takan zo, a auna nauyinta, a ba ta kwalabenta, ta naɗe su cikin zani ta tafi. Irinta ake nuna wa sababbin shiga don su kwantar da hankali.

Yadda abin ya fara

Daga baya ne muka haɗa tarihin, da taimakon babbar 'yarta. Kusan shekara guda kafin a gano ciwon, Inna ta fara ganin jini idan ta zaga. Wani lokaci ja ne a kan bahaya, wani lokaci mai duhu ne a cakuɗe da shi, da majina. Cikinta ya sauya hali: kwana biyu ko uku babu fita, sai kuma gudawa. Tana gama zagawa sai ta ji kamar da saura.

A wurinta da duk wanda ta yi wa zancen, sunan wannan abu ɗaya ne, basir. Ta sayi garin magani da jiƙo wurin masu yawo da lasifika a kasuwa. Jinin ya lafa na ɗan lokaci, ta gode wa Allah, ya dawo. Wata maƙwabciya ta ce atini ne, ta sayi Flagyl a kantin magani ta sha har zagaye biyu. Ta soma gajiya a kan aikin da ta saba, matsar tunkuza ta gagare ta sai da jikoki suka karɓa. Sai kuma kwaɗayin farar ƙasa ya kama ta, abin da rabonta da shi tun tana da ciki. Wannan kwaɗayi sananniyar alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, amma a gida dariya aka yi mata.

Duk wannan lokaci tana zuwa karɓar magani, kuma ba ta faɗa ba. Da aka tambaye ta dalili daga baya, cewa ta yi ai nan wurin waccan cutar ne, kuma babbar mace ba ta zama gaban ɗan cikinta tana zancen bayan gida. Mai duba marasa lafiya a ranakunta saurayi ne sa'an ɗanta. Katin da ake cikewa shi ma bai tambaya ba: akwai gurbin tari, zazzaɓi, gumin dare da rama saboda tarin fuka, akwai gurbin shan magani a kan lokaci, amma babu inda aka ce a tambayi mutum ko yana ganin jini a bahaya.

Nauyinta ne ya tona asirin. A cikin shekara guda ya sauka daga kilo 64 zuwa 57, kaɗan-kaɗan, ta yadda kowane zuwa yana da uzurinsa. Wannan karon azumi, wancan karon zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke hana kowa cin abinci. Sai an jera lambobin a layi ɗaya ake ganin gangaren. Ranar da na jera su, na ja ta gefe inda babu maza, na ga tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari.

"Inna, ki gafarce ni zan yi miki tambayar da ba ta dace da bakina ba. Idan kin zaga, kina ganin wani abu?"

Ta daɗe tana kallon ƙasa kafin ta ce, "'Yar nan, basir ne kawai. Ya kusa shekara."

Abubuwan da aka fara zargi

Gwajin jini ya nuna himoglobin 8.4, wato jininta ya yi ƙasa, ƙwayoyin jinin kuma ƙanana ne, irin na wanda ƙarfe ya ƙare masa. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai cutar HIV. Zidovudine na jawo ƙarancin jini, kuma tsofaffin ma'aikata sun saba ɗora masa laifi, amma nasa yana zuwa da manyan ƙwayoyi, ga shi kuma Inna ta bar shan sa shekaru da yawa. Ta daina al'ada tun tana 48. Mace da ta daina al'ada, ko namiji ko wane ne, idan ƙarfe ya ƙare a jikinsu, ƙa'idar likitanci ita ce a ɗauka jini na zuba a hanji ko tumbi har sai an tabbatar ba haka ba.

A ƙasarmu akwai masu laifi da yawa da za a fara dubawa, kuma daidai ne a duba su. Inna ta tashi tana wanki a bakin Binuwai, kuma tsargiyar hanji tana nan a arewacin Kamaru, tana sa jini a bahaya. Amiba na sa jini da majina. Tsutsar ciki na shan jini. Tarin fuka na iya kama hanji, musamman ga mai HIV, ya zo da rama da ciwon ciki. Sankarar Kaposi da limfoma su ma suna fitowa a hanji, ko da yake sun fi samun wanda garkuwarsa ta faɗi, ita kuwa CD4 ɗinta, wato ma'aunin ƙarfin garkuwar jiki, ya haura 500. An gwada bahaya ba a ga ƙwai ko amiba ba, gwajin tarin fuka bai nuna komai ba, hoton ƙirji lafiya.

Likita mace ce ta duba duburarta da yatsa, bayan doguwar lallashi. Basir ɗin yana nan kuwa, ƙanana guda biyu. A ganina nan ne tarko mafi haɗari a lamarin duka. Basir ya yi yawa a cikin manya har samunsa ba ya wanke kowa daga wani ciwon. Jinin basir ja ne wur, yana ɗiga bayan an gama ko ya ɓata ruwan tsarki. Ba ya cakuɗa da bahaya, ba ya sauya halin ciki na watanni, ba ya zubar da kilo bakwai. Da likitar ta tsaya a kan abin da yatsanta ya taɓa, da an rubuta wa Inna man shafawa da maganin ƙarin jini an sallame ta da murmushi. Ta rubuta takardar tura ta kolonoskopi, wato duba babban hanji gaba ɗaya da siririn bututu mai kyamara.

Duban yatsan yana da wani amfani daban. Sankarar bakin dubura, wadda ƙwayar HPV ke haddasawa, ta fi yawa ƙwarai ga masu HIV, maza da mata, ninkin-ba-ninki a kan sauran jama'a. Wani babban nazari da aka yi a Amurka mai suna ANCHOR, wanda aka fitar a 2022, ya nuna cewa magance tabon da ke gabatar ta ya rage aukuwarta da kashi 57 cikin 100. Ita ma jama'a basir suke ce mata. Ba a same ta a jikin Inna ba.

Shin HIV ce ta jawo?

Tambayar da 'yarta ta fara yi ke nan, kuma amsar ita ce a'a. Akwai nau'o'in ciwon daji da HIV ke buɗe wa ƙofa: Kaposi, limfoma, na bakin dubura, da na bakin mahaifa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai HIV ta fi wadda ba ta da ita haɗarin kamuwa da shi sau shida. Na babban hanji ba ya cikinsu. Manyan nazarce-nazarcen da aka yi a Amurka sun nuna bai fi yawa ga masu HIV ba. Abin da ke kawo shi a wurinsu shi ne abin da ke kawo shi ga kowa: shekaru, gado, taba, giya, ƙiba, zaman wuri ɗaya, yawan jan nama da naman da aka sarrafa. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi, kuma busasshen nama mai gishiri irin kilishi yana cikin wannan rukuni. Ciwo ne na uku a yawa a duniya, ya kama mutum wajen miliyan 1.9 a 2020, ya kashe sama da 900,000.

Amma waɗannan nazarce-nazarcen sun nuna wani abu mai tayar da hankali. Mai HIV da ya kamu da wannan ciwo ya fi saurin mutuwa da shi, kuma ba a cika ba shi cikakken magani kamar sauran mutane ba. Lamarin Inna ya nuna yadda hakan ke faruwa tun daga tushe. Idan mai HIV ya rame, a ce cutar ce. Idan ya yi gudawa, a ce cutar ce ko maganin. Idan jininsa ya yi ƙasa, a ce ai dama. Kowace alama tana da gidan da za a ajiye ta, ba wanda zai ɗaga kai ya nemi wani dalili. Ga shi kuwa mutanen da suka fara magani a 2007 da 2010 suna 'yan shekara talatin da wani abu, yau sun haura hamsin da furfura da jikoki. Maganin ya kai su shekarun hawan jini da ciwon suga da ciwon daji, katinsu kuwa yana nan yadda aka tsara shi lokacin da burin kowa shi ne mutum ya ga baɗi.

Yawunde

Mafi yawan ƙwararrun likitocin ciki da na ciwon daji a Kamaru suna Yawunde da Duwala. Inna tana da ƙane ɗan kasuwa a unguwar Briketeri a Yawunde, shi ya ce a kawo ta. Mota daga Garwa zuwa Ngaundere, sama da kilomita 250, sannan jirgin ƙasa na dare.

A nan matsala ta biyu ta taso, wadda ba a rubuta ta a littattafan likitanci. Alhajin bai san yayarsa tana da HIV ba. A duk dangi 'yarta kaɗai ta sani. Inna ta yanke shawarar barin kwalabenta a Garwa, kuma ba za ta faɗa wa likitocin can ba, don kada magana ta fita a gaban ƙanenta. Da 'yar ta kira ni ta gaya mini, na nemi a ba Inna wayar. Na shaida mata cewa idan ta ajiye maganin, ƙwayar cutar za ta farfaɗo cikin 'yan makonni, a daidai lokacin da jikinta ke bukatar garkuwa don tiyata. Na ce likitan fiɗa da na kimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, dole su san abin da take sha, kuma sirrin mara lafiya amana ce a kansu, ko ƙanenta ne ke biyan kuɗi ba su da hurumin gaya masa. Aka sa bayanin cikin ambulan aka manne, 'yar ta miƙa wa likita hannu da hannu, ƙwayoyin kuma aka juye su cikin kwalbar maganin ƙarin jini.

Kolonoskopi na bukatar a wanke hanji da maganin gudawa tun daren jiya, kuma Inna ta ce wannan daren ya fi gwajin kansa wahala. An ga ƙari a ɓangaren hagu na babban hanji, can sama da inda yatsa ke kaiwa, ya fara matse hanya. An ɗebi ɗan nama, gwaji ya tabbatar sankara ce irin wadda ake kira adenokasinoma. Sikana, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ta nuna hanta da huhu lafiya. Aka yi tiyata aka yanke ɓangaren aka haɗa hanjin. Babban tsoronta shi ne a fito mata da bahaya ta ciki a rataya mata leda, saboda alwala da salla, kuma Allah ya taimaka ba a kai ga haka ba. Cikin kaluluwar da aka cire tare da hanjin an sami ciwon a guda biyu, wato mataki na uku.

Matakin shi ne komai a wannan ciwo. A alƙaluman Amurka, wanda aka gano nasa bai fita daga hanji ba, kusan tara cikin goma suna raye bayan shekara biyar. Wanda nasa ya kai hanta ko huhu, ba su kai biyu cikin goma ba. Inna ta faɗa tsakiya, inda ake fatan warkewa amma sai an bi tiyata da kimiyo.

An ba ta haɗin capecitabine, ƙwayoyi da ake sha a gida, da oxaliplatin da ake ƙarawa ta jijiya duk mako uku. Ba a dakatar da TLD ko na kwana ɗaya ba. Nan dolutegravir ya yi rana, domin ba ya karo da yawancin magungunan kimiyo, saɓanin haɗin da ke da ritonavir, wanda ke iya sa wasu, kamar irinotecan, su taru a jiki su yi illa. An mayar da ita kan cotrimoxazole, maganin kariya daga wasu cututtuka, saboda kimiyo na saukar da garkuwa, ana kuma bin ƙodarta saboda tenofovir.

Ƙananan abubuwa biyu sun fi ba mu aiki bayan ta dawo Garwa tsakanin allurai. Na farko maganin ƙarin jini. Ƙarfe da kalsiyam da magungunan gyambon ciki masu aluminiyam ko magniziyam suna kama dolutegravir a hanji su hana shi shiga jini. Ko dai a sha TLD awa biyu kafin ƙwayar ƙarfen, ko awa shida bayanta. Ga ƙarfe da kalsiyam an yarda a haɗa su da shi idan tare da abinci ne. Inna tana haɗiye su tare da asuba da ciki wayam, don haka muka mayar da ƙarfen bayan azahar. Na biyu sanyi. Oxaliplatin na sa yatsu da maƙogwaro su ƙi duk wani abu mai sanyi na kwanaki bayan allura, kuma nata ya faɗo cikin hunturu. Ruwan randa na alwalar asuba sai ta ji kamar wutar lantarki ta ja ta. Ta zaci ciwon ne ya bazu, har ta fara rabon kayanta. Ɗumama ruwa ya warware matsalar.

Maganin sida kyauta ne, kuma tun Janairun 2020 an cire kuɗin gwaje-gwajensa a asibitocin gwamnati. Na daji kuwa daga aljihu aka biya, tun daga kolonoskopi har allurar ƙarshe. Alhaji ya ɗauki kaso mafi tsoka, aka ba ta kwasar adashinta kafin layinta ya zo, injin markaɗen gyaɗa ya tafi. Na san mata da yawa a layinmu da ba su da ƙane a Briketeri, kuma wannan ne ke sa ni ɗaga murya kan gwaji tun kafin ciwo.

Gwaji tun kafin alama, da maganar dangi

Sankarar babban hanji ba ta faɗowa rana ɗaya. Yawanci tana farawa da ɗan tsiro a bangon hanji, polip, wanda bai wuce ƙwayar wake ba, kuma yakan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗe. Idan an gan shi da kyamara, a nan take ake tsinke shi, magana ta ƙare. Shi ya sa ƙasashe ke gwada masu lafiya. A Faransa ana gayyatar duk mai shekara 50 zuwa 74 ya yi gwajin ɓoyayyen jini a bahaya duk shekara biyu. A Amurka an sauko da shekarun farawa zuwa 45 a 2021, ko dai gwajin bahaya mai suna FIT duk shekara, ko kolonoskopi duk shekara 10. Mai HIV da ke shan magani yana bin wannan ƙa'ida daidai da kowa, ba a rage masa ba a ƙara masa. Da Inna tana ɗaya daga cikin ƙasashen nan, da an nemi ta yi gwajin shekara uku kafin ranar da aka gano ciwonta.

FIT na wanda ba ya ganin komai ne. Wanda ya riga ya ga jini da idonsa, ko ƙarfe ya ƙare masa, ko cikinsa ya sauya na makonni, ya wuce nan, kyamara yake bukata. Kuma idan FIT ya nuna jini ba a bi shi da kolonoskopi ba, an yi aikin banza. Duk da haka ban san wani wuri a garin nan da ya fi ɗakin karɓar maganin sida dacewa da fara wannan aiki ba. Manya nawa ne a Garwa ke ganin ma'aikacin lafiya sau huɗu a shekara, ana auna su ana rubutawa? Namu suna yi. A sashenmu yanzu duk wanda ya kai 45 ana tambayarsa, mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji, ko yana ganin jini, ko cikinsa ya sauya, ko wani a gidansu ya taɓa yin ciwon hanji. Wanda ya ce basir ne, sai a ce ya kwatanta jinin.

Saura dangi. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa, ɗan uwansa na jini ko ɗansa ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya kai kusan ninki biyu. Idan an gano na ɗan uwan kafin shekara 60, shawarar likitocin Amurka ita ce a fara kolonoskopi a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano nasa, duk wanda ya riga zuwa, a maimaita duk shekara biyar. 'Yar Inna tana da 29, da sauran lokaci. Alhaji yana da 46.

Inna ta ji tsoron buɗe wannan magana, don a ranta duk zancen asibiti hanya ce zuwa ga ɗaya sirrin. Muka nuna mata cewa maganganun biyu ne daban, tana iya faɗin ɗaya ta riƙe ɗaya, kuma hakkinta ne. Ta kira shi da kanta. Ya ce, "Yaya, ni lafiyata ƙalau, ko basir ba ni da shi." Ta ce, "Alhaji, in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kai ka biya kuɗin nawa, ka san tsadarsa."

Ta gama kimiyo da ɗan dindiris a yatsun ƙafa wanda bai gama sakinta ba. Nauyinta ya koma 61, sharj biral har yanzu babu abin da ake gani. Ana ɗibar jininta duk wata uku don gwajin CEA, mai nuna alamar dawowar ciwon, kuma an haɗa ranar da ranar karɓar TLD don kada ta biya kuɗin mashin sau biyu. Za a sake kolonoskopi shekara guda bayan tiyata, a ci gaba da bibiya har shekara biyar. Alhaji ya yarda da gwajin bahaya amma yana ja da baya kan kyamara, yana cewa bai ga yadda za a yi wa magidanci haka ba. Likitan da ya yi wa yayarsa aiki ya gaya masa cewa ga mai irin tarihinsa kyamarar ce ta dace, kuma ana ba da maganin barci. Ya ce sai bayan babbar salla.